Tsofaffin katunan kyamara sun ƙi buɗuwa a sabuwar kwamfuta, ina mafita?

Ummu_Hanan
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman taimakon masana. Muna tattara kayan mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, sai muka ci karo da jakar kyamarorinsa, a aljihunta kuma akwai katunan memori iri-iri da ban taɓa ganin irinsu ba. Ɗaya siriri ne ƙwarai, baƙi, da faffaɗan ruwan zinare a samansa, an rubuta 64MB. Biyu masu kauri ne, da ƙananan ramuka jere a gefe guda. Akwai wani dogo mai sunan Sony a jiki, siffarsa kamar cingam. Sai wani ɗan mitsitsi da aka rubuta xD. Na ƙarshen ne kawai na gane, SD ne mai 512MB. Laftof ɗina ba ta da ramin kati, kafofin USB-C kaɗai gare ta. Na ari na'urar karanta kati wajen ƙanina na saka SD ɗin, sai kwamfutar ta ce wai sai an yi masa fomat kafin a yi amfani da shi. Ban danna komai ba, na zare shi. Shin hotunan sun tafi ke nan? Sauran kuma da me ake buɗe su?

SaniGyara
Wa'alaikumus salam. Allah ya gafarta wa Baba. Kafin komai Hajiya, kada ki kuskura ki danna fomat ɗin nan, wato share katin a sake tsara shi, ko sau nawa ta tambaye ki. Ajiye katin tukuna.

Injiniya_Sabo
Allah ya jiƙansa da rahama. Bari in faɗa miki sunayensu, don da sunan za ki nemi abin karanta su. Siririn mai ruwan zinare SmartMedia ne, Toshiba ta fito da shi a 1995, kyamarorin Olympus da Fujifilm na farko-farko suka fi amfani da shi, kuma bai taɓa wuce 128MB ba. Masu kaurin CompactFlash ne, na SanDisk, tun 1994, ramukan da kika gani guda 50 ne. Dogon Memory Stick ne, Sony ta fito da shi a 1998. Ɗan ƙaramin kuma xD-Picture Card, wanda Olympus da Fujifilm suka haɗa kai suka yi a 2002 don ya gaji SmartMedia.

Abin da zai kwantar miki da hankali: tsarin ajiyar da ke cikin katunan wancan zamani FAT12 ne ko FAT16, kuma Windows da macOS da Linux na yau duk suna karanta su ba tare da an ƙara wata manhaja ba. Hotunan ma yawanci JPEG ne. Wato kwamfutar ba ta manta yarensu ba, ramin da za a zura su ne ya ɓace. Idan aka samu rida, wato na'urar karanta kati, mai ramin da ya dace, rabin aikin ya ƙare.

Auta_Karami
64MB? Yau hoto goma na wayata ba za su shiga ba. Allah sarki mutanen da.

MaiHoto77
Auta, kai yaro ne. Da kati mai 8MB muka yi aiki, kuma muna ganin mun kai ƙarshen zamani. Kyamara mai megafiksel ɗaya ko biyu hotonta bai fi 'yan ɗaruruwan kilobait ba, saboda haka kati mai 64MB zai iya riƙe hoto sama da ɗari.

Hajiya, ni shawarata daban ce da ta Injiniya. Tunda kin ce kyamarorin suna nan, ki mayar da kowane kati cikin kyamararsa ki kunna. Kyamarar da ta rubuta kati ita ta fi kowa sanin yadda za ta karanta shi. Idan kin ga hotunan a ɗan allonta, kin san suna nan lafiya, sai ki nemi kebul ki haɗa da kwamfuta.

Injiniya_Sabo
Ranka ya daɗe MaiHoto77, ban ƙi ta taka ba, amma ina da tsoro biyu. Kyamara tana iya rubutu a kan kati, kuma maɓallin goge hoto da na fomat suna kusa a jerin zaɓinta, wanda bai saba da ita ba zai iya dannawa bai sani ba. Na biyu batir. Batirin da ya shekara goma sha yana kwance zai iya mutuwa ana tsakiyar kwafa. Sannan ba kowace kyamara ce kwamfutar yau ke gani ba. Waɗanda suka fito kafin USB ya yaɗu da kebul ɗin siriyal suke aiki, wasu masu USB ɗin ma sai da direbansu na Windows 98, wanda ba zai hau kan Windows mai 64-bit ba.

MaiHoto77
Wannan gaskiya ne ga tsofaffin sosai. Amma da yawa daga cikin na bayan shekarar 2000 da ka jona su sai su fito kamar filash. Na Sony ma akwai wurin zaɓi a cikin saitin USB, Normal ko PTP, idan ɗaya ya ƙi sai a gwada ɗayan. Maganar batir kuma, kyamarori da yawa na lokacin batirin AA suke ci, sai a sa sababbi.

Zainabu_M
Ina biye da ku. Ni ma ina da xD guda a durowa tun ina makaranta.

Ummu_Hanan
Na gode ƙwarai. Na duba, Olympus ɗin batirin AA take ci, amma wani farin gari ya cika ɗakin batirin, ƙarafan sun yi tsatsa. Sony ɗin kuma batirinta ya kumbura, ba mu ga cajarta ba. Ga alama dai hanyar rida zan bi. Wace iri zan nema?

SaniGyara
Batirin da ya kumbura ki cire shi ki raba shi da sauran kayan, kada a yi gwajin caja da shi.

Maganar rida, nemi mai ramuka da yawa, amma kada ki yarda da rubutun jikin kwali na cewa tana karanta kati iri kaza da kaza. Ki ƙirga ramukan da idonki. Mafi yawan na yanzu suna da SD, microSD da CF (CompactFlash), wasu da MS (Memory Stick) da xD. Wanda zai ba ki wahala shi ne SmartMedia, sababbin rida sun daina zuwa da raminsa. Alamarsa SM, rami ne mai faɗi siriri. Sau da yawa sai a tsofaffin rida na zamanin USB 2.0 ake samunsa, ko waɗanda ake ɗaurawa a gaban akwatin kwamfutar tebur. Tsohuwar rida ba matsala ba ce, da ɗan adafta daga USB-A zuwa USB-C za ta yi aiki a laftof ɗinki. Tsofaffin firintocin hoto ma wasu suna da waɗannan ramuka a gaba, kuma idan an haɗa su da kwamfuta suna nuna katin.

Hafsat_IT
Ƙari a kan maganar Malam Sani: ki lura da ramin Memory Stick. Rida da yawa gajeren nan suke ɗauka, wato Duo ko PRO Duo, dogon ba zai shiga ba. Tsawon naki milimita 50 ne, sai rami mai cikakken girma. Kuma ki juya bayansa ki duba. Akwai wani iri da ake kira Memory Stick Select mai ɗan makunni na A da B, ciki kashi biyu ne, kowanne 128MB. Mutum zai kwafe gefe ɗaya ya ɗauka ya gama, alhali rabin hotunan suna ɗaya gefen.

Auta_Karami
To ai na ga ana sayar da adaftan xD, a saya mata kawai ta zura a ramin SD.

Hafsat_IT
A'a Auta, wannan adaftan baya yake tafiya. Aikinsa a sa microSD a cikinsa don ya shiga wasu kyamarorin Olympus masu ramin xD. Ba zai mayar da katin xD ya zama SD ba. Ita ramin xD na gaske take buƙata. Hajiya ki duba ko an rubuta M ko H ko M+ kusa da girman katin. Waɗannan daga baya suka fito, kuma wasu tsofaffin rida na asalin kawai suka sani.

Bashir_dd
Kun tafi kan rida kun bar tambayarta ta farko. SD ɗin da ke neman fomat shi ne mai haɗari, sauran suna kwance abinsu ba wanda ya taɓa su.

Saƙon fomat ba ya nufin hotuna sun goge. Ma'anarsa kwamfutar ta kasa fahimtar shafin farko na katin, inda aka rubuta yadda aka tsara shi da jerin fayilolin. Hotunan kansu suna can gaba a wurarensu. Abin da za ki fara yi: ki tura ɗan makullin gefen SD ɗin ƙasa zuwa Lock, ki saka, idan ta nemi fomat ki soke, sai ki buɗe Disk Management, wurin da Windows ke jera ma'ajiyoyin da aka jona, ki ga girman da ta nuna. Idan ta nuna kusan 480 ko 490MB, katin yana da rai, kuma akwai kyakkyawan fata. Idan ta nuna babu komai a ciki ko sifili, to ko ridar ce ko ƙwaƙwalwar katin.

Idan yana da rai, kada a yi aiki a kansa kai tsaye. A kwafe shi dungurungum, daga baiti na farko har na ƙarshe, zuwa fayil guda a kwamfuta. A Linux da ddrescue ake yi, a Windows akwai Win32 Disk Imager. Kati mai 512MB ba zai ɗauki lokaci ba. Daga nan sai a zare katin a adana shi, duk gwaje-gwajen da za a yi a kan kwafin za a yi su.

Kawu_Ado
Malam Bashir, mu da ba mu yi karatun kwamfuta ba fa? Wannan bayani naka ya fi ƙarfin irinmu. Ni dai da aka goge min hotuna a kati ɗana ya sa Recuva, cikin ɗan lokaci ya dawo da su, ba wani Linux.

Bashir_dd
Kawu, Allah ya ƙara girma. Naka daban ne. Kai gogewa aka yi, tsarin katin yana nan daidai. A FAT idan an goge fayil, alama kawai ake sa wa sunansa, a ce wurinsa ya zama fili, amma bayanan suna nan har sai an rubuta wani abu a kai. Shi ya sa Recuva ta same su da sauƙi. Nata kuwa tsarin ne kwamfutar ba ta gane ba. A irin wannan PhotoRec ta fi dacewa, kyauta ce, tare da TestDisk take zuwa. Ita ba ruwanta da jerin sunaye, tana bin katin daki-daki tana neman alamar farkon JPEG, wato FF D8 FF, duk inda ta gani ta ɗauko. Sai dai sunayen asali za su ɓace, za ki ga f da dogayen lambobi a folda mai suna recup_dir. Akwai QPhotoRec mai maɓallai ga wanda baƙin allo ke ba shi tsoro. Sharaɗi ɗaya: kada a zuba abin da aka ceto a kan katin da ake ceto daga gare shi.

SaniGyara
Kafin a kai ga duk wannan, a goge ƙarafan katin. A wurin aiki na ga katuna da yawa da ake cewa sun mutu, ashe datti ne da danshi suka rufe ruwan zinaren. Ɗan auduga da sinadarin isopropyl, a shafa a hankali, a bari ya bushe sarai. Sannan a gwada wata ridar. Rida mai arha da ta gaji ita ma tana jawo saƙon fomat a kan kati mai lafiya ƙalau. Ban ce kada a yi kwafin Malam Bashir ba, amma kwafin da aka yi da rida mara kyau shi ma mara kyau zai fito.

Nura_K
Ku yi mata chkdsk ɗin Windows kawai, yana gyara kati.

Bashir_dd
Don Allah a'a. Chkdsk rubutu yake yi a kan katin, burinsa tsarin ya daidaita, ba ruwansa da ko hotonki ya tsira. Yana iya yanka fayiloli ya tara su a folda FOUND.000 da sunaye masu .CHK. Idan katin ya fito a matsayin RAW, wato wanda Windows ba ta gane tsarinsa ba, ƙin yi ma zai yi. Bayan an kwafe komai, wanda ya ga dama ya yi.

Injiniya_Sabo
Ina goyon bayan Bashir a nan. Amma in gyara abu ɗaya game da makullin SD: ba a haɗe yake da komai a cikin katin ba, roba ce kawai. Ridar ce ke jin inda yake ta gaya wa kwamfuta kada ta yi rubutu. Mafi yawansu suna bi, amma ba duka ba. Duk da haka a sa shi, domin da zarar an saka kati Windows takan ƙirƙiri System Volume Information, Mac kuma ta zuba ɓoyayyun foldodi irin su .Spotlight-V100 da .fseventsd. Ƙanana ne, amma a kati mai 64MB da ake son ceto gogaggen hoto, suna iya sauka daidai kan abin da ake nema.

Zainabu_M
Tambaya. Ni ridata idan na jona ta ba na ganin komai a This PC, ko kati yana ciki. Ta lalace ne?

Hafsat_IT
Ba lallai ba. Rida mai ramuka da yawa kowane rami harafinsa daban a kwamfuta, irin E: ko F:, kuma Windows tana ɓoye waɗanda ba kati a ciki. Shiga Disk Management ki gani, wani lokaci katin yana nan amma ba a ba shi harafi ba, sai ki ba shi. Ki kuma tabbata ba a kife kika sa shi ba, xD yana da sauƙin juyawa, wasu ridar ruwan zinaren sama yake kallo, wasu ƙasa. Sannan ki sa kati ɗaya a lokaci guda, wasu ridar ba sa karanta biyu tare.

MaiHoto77
Tunda an zo maganar saka kati, Hajiya ki yi hattara da masu kaurin nan. CompactFlash ramuka ne a jikinsa, allurai 50 ɗin suna cikin ridar. Idan kika tura shi a karkace ko a juye, allura ɗaya ta lanƙwashe, ridar ta tashi aiki, wani lokaci ma allurar ta taɓa 'yar'uwarta ta jawo wa katin matsala. Ki haska cikin ramin da fitilar waya ki ga duk a tsaye suke. Ki tura a hankali, in kin ji ya cije ki dakata. Rida mai zurfin rami ta fi, domin tana daidaita katin kafin ya kai ga alluran.

Kuma ki duba ko ɗaya daga cikinsu an rubuta Microdrive. Wannan ba filash ba ne, ƙaramin hard disk ne mai faifai yana juyawa a ciki, IBM ta fito da shi a 1999. Kaurinsa milimita 5, na yau da kullum kuma 3.3, saboda haka ba kowane rami yake shiga ba, kuma ya fi cin wuta. Shi ba ya son faɗuwa ko kaɗan.

Ummu_Hanan
Na duba, babu Microdrive, ɗaya 128MB ɗaya 1GB. Bayan na Sony ɗin makulli ɗaya ne kawai mai Lock. A jikin xD an rubuta M1GB. Allah ya saka da alheri, da ban san duk wannan ba.

Sadiq_Lens
Ni abin da ke ba ni mamaki yadda yara suka koma neman waɗannan kyamarorin. Hotonsu yana da wani launi da waya ba ta bayarwa, musamman masu firikwensin CCD idan an kunna filasha. Hajiya kada ki zubar da Olympus ɗin nan, farin garin batir yana goguwa.

Auta_Karami
Launin me? Hoto duk dishi-dishi. Son tsohon abu ne kawai.

Sadiq_Lens
Waya tana yi wa hoto kwalliya kafin ta nuna maka, ta goge fuska ta haska duhu. Waccan abin da ta gani take ba ka. Kai dai ba ka taɓa riƙewa ba.

MaiHoto77
Ni da na yi aiki da su ba na kewarsu. Ka danna, sai ta yi tunani kafin ta ɗauka, wanda kake ɗauka ya riga ya juya. Amma Sadiq, in za ka ci gaba da amfani da su, ga abin lura: kyamarar da ta fito kafin 2006 ba ta san SDHC, wato katin SD mai girman da ya wuce 2GB, ba, iyakarta 2GB, wasu ma ƙasa da haka. Sabon kati mai 32GB ba zai yi mata ba. Kuma a cikin kyamarar ake fomat, ba a kwamfuta ba, musamman SmartMedia, sau da yawa idan kwamfuta ta yi masa fomat, kyamarar sai ta ƙi karɓarsa.

Mai_Kula
Jama'a, muhawarar launi a buɗe mata nata zaren. A koma kan katunan Hajiya.

Kawu_Ado
To ni tambayata, wai kati yana tsufa ne ko ba a taɓa shi ba? Na ɗauka abin da aka ajiye a ciki ya zauna ke nan.

Injiniya_Sabo
Yana tsufa Kawu. Filash caji yake riƙewa a cikin ƙananan ɗakuna, kuma cajin yana zurarewa sannu a hankali, zafi kuma yana ƙara masa sauri. Abin mamakin shi ne tsofaffin katuna sukan fi na yanzu juriya a wannan fanni, domin ɗakunansu manya ne kuma yawanci bit ɗaya kowanne ke riƙewa, na yanzu kuwa ana cusa uku ko huɗu a ɗaki guda. Shi ya sa ake samun kati mai shekara ashirin ya buɗe lafiya. Alamar wanda ya fara lalacewa ita ce hoto ya buɗe rabi, ƙasansa toka-toka, ko launi ya sauya daga tsakiya. Kuma kada ƙaramin hoton da ke fitowa a folda ya ruɗe ku. Wannan wani ɗan kwafi ne mai fiksel 160 da 120 da kyamara ke maƙalawa a farkon fayil ɗin, yana iya fitowa lafiya alhali babban ya lalace. Sai an buɗe kowanne an gani.

Bashir_dd
Akwai kuma bambancin da ya shafi katunan Hajiya kai tsaye. SD da CompactFlash suna da ƙwaƙwalwar sarrafawa a cikinsu, ita ke lura da inda aka ajiye komai. SmartMedia da xD ba su da ita, guntun filash ne tsirara, kyamara ko rida ce ke yin wannan aikin. Saboda haka rida biyu za su iya ba ki sakamako biyu a kan kati ɗaya. Idan ɗaya ta ce babu komai, kada ki yanke hukunci sai kin gwada wata. SmartMedia kuma kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba, kada a lanƙwasa shi, a riƙe shi ta gefe.

Hafsat_IT
Kuma SmartMedia yana da iri biyu, mai bolt 5 da mai bolt 3.3, yankan kusurwarsu a gefe daban-daban yake. Masu bolt 5 su ne na farko, ƙanana irin 2MB da 4MB, kuma rida da yawa ba sa karanta su. Nata mai 64MB 3.3 ne, ba ta da wannan damuwar.

Ummu_Hanan
Ga inda aka kwana. Na samu aron wata tsohuwar rida mai CF da MS da xD, babu SM. CompactFlash biyun sun buɗe, na Sony ma ya buɗe, akwai folda DCIM, a cikinta 100MSDCF, hotuna cike. Alhamdu lillahi. xD ɗin bai nuna komai ba. SD ɗin a wannan ridar ma fomat yake nema, amma Disk Management ta nuna girmansa. Ƙanina ya ce zai yi kwafin da Malam Bashir ya faɗa. Wata matsalar: a mai 1GB akwai fayiloli masu .CRW da .THM da suka ƙi buɗuwa, da wasu .AVI masu sauti babu hoto. Kuma kwanan watan hotunan Sony duk iri ɗaya ne, ba daidai ba.

MaiHoto77
Masha Allah. Ashe Baba gwani ne. CRW ɗanyen hoto ne na tsofaffin kyamarorin Canon, kafin su koma CR2. Kada ki goge su, sun fi JPEG inganci. RawTherapee ko darktable za su buɗe su, duk kyauta ne. THM ɗan ƙaramin hoto ne da ke rakiyar kowanne, ki bar su tare. AVI ɗin ki buɗe da VLC, yawanci Motion JPEG ne. Kwanan wata kuwa, idan ƙaramin batirin agogon kyamara ya mutu sai ta koma ranar da aka saita mata tun daga masana'anta, ta riƙa buga wa kowane hoto. Lambobin sunayen fayilolin ne za su nuna miki wanda ya riga wani.

Hafsat_IT
Ki tabbata kwanan watan da kike kallo na cikin hoton ne, wato Date taken, ba ranar da aka kwafa ba. Kuma idan za ki tura wa 'yan'uwa ta WhatsApp ki tura a matsayin fayil. In kin tura a matsayin hoto zai matse shi ya cire bayanan da ke ciki. Na asalin ki ajiye su wuri biyu aƙalla, foldar DCIM ɗin gaba ɗaya yadda take, kada ki tsinci wasu ki bar wasu.

SaniGyara
xD ɗin nan ina zargin ridar ce, tunda M ne kuma kin ce tsohuwa ce. Sabuwa mai ramin xD za ta fi dacewa da shi. Kin ga ke nan rida biyu za ki nema, tsohuwa don SmartMedia, sabuwa don xD.

MaiHoto77
Ko kuma ta goge ɗakin batirin Olympus ɗin kamar yadda Sadiq ya ce, ta huta da neman ramin SM. Har yanzu ina kan bakata, kyamarar tana hannunta, ridar kuwa sai an yi cigiya.

Injiniya_Sabo
Idan har za a bi ta kyamarar, a manna wa katin SmartMedia ɗin ɗan zagayen azurfar nan na hana rubutu a da'irar da ke jikinsa, in yana cikin jakar. Kuma a fara kunna kyamarar babu kati a ciki, a ga ta tsaya da ƙafarta tukuna. Ni dai da nawa ne, da na jira ridar.

Bashir_dd
Ni ma. Ta kebul ɗin kyamara ba kullum ake iya kwafe katin dungurungum ba, abin da ta ga dama take nunawa. Idan akwai gogaggun hotuna a ciki, ta nan ba lallai a kai gare su ba.

MaiHoto77
Abin da mai shi ya goge da hannunsa, wa ya ce yana so a dawo da shi?

Lawal_Mavica
Ku gafarce ni, na shigo a makare. Tunda masana suna nan: ni tawa ba kati ba ce. Kyamarar Sony Mavica ce mai fulofi (floppy disk), da wata mai ƙaramin faifan CD. Fulofin na sa a na'urar fulofi ta USB sun buɗe, har da wasu fayiloli masu .411 da ban san amfaninsu ba. Faifan ne kwamfuta ke nunawa kamar babu komai a kai, alhali ina ganin sawun rubutu a bayansu.

Injiniya_Sabo
Malam Lawal, .411 ƙananan hotunan dubawa ne na kyamarar, JPG ɗin su ne na gaske. Faifan kuwa da alama ba a rufe su ba. Mavica mai CD tana son a yi wa faifai Finalize a cikin kyamarar kafin kwamfuta ta gane shi. In kyamarar tana aiki, a jona ta da wuta a ajiye ta inda ba za ta girgiza ba a yi. In ba ta aiki, akwai manhajoji irin IsoBuster da ke karanta faifan da ba a rufe ba, kuma ni da su zan fara tunda ba sa rubutu a kai. Faifan santimita 8 ne, a na'ura mai tire za ka sa shi, kada ka zura a mai haɗiye faifai, zai maƙale. CD-R ne naka ko CD-RW?